Ubana ya yi zaman gidan yari, yayana yana daji: zan iya neman aikin ɗan sanda da sunan baffana?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni matashi ne ɗan shekara 24 daga jihar Katsina. Na gama sakandare, ina da kiredit ɗin da ake nema, kuma tun ina yaro ba ni da burin da ya wuce aikin ɗan sanda. Matsalata gidanmu ne. Ina ƙarami aka kama mahaifina da laifin sayen shanun sata, ya yi shekaru a gidan yari, ya fito ya tuba, yanzu noma yake yi kuma ba ya rasa jam'i. Yayana kuwa, wanda muke uba ɗaya, ya bar gari, kowa ya san yana daji tare da 'yan bindiga. Yakan kira ni jefi-jefi mu gaisa, kuma shi ya aiko min da kuɗin da na sake zana jarrabawa. Da na je neman sa hannun hakimi sai aka yi ta ce min in dawo, daga baya wani ya tsegunta min cewa ba za a sa ba saboda gidan da na fito. Wani malami a garinmu ma ya faɗa a wajen karatu cewa haramun ne a danƙa wa ɗan ɓarawo bindigar hukuma, wai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma ya ce akwai hadisi a kai. Baffana, ƙanen mahaifina, yana zaune a wata ƙaramar hukuma. Ya ce in je in yi rantsuwar kotu in sa sunansa a matsayin ubana, in karɓi takardar asali a can, tunda ai baffa uba ne. Shekaruna sun kusa wuce iyakar da aka sa. Malam, shin laifin ubana da na yayana ya hana ni wannan aiki a shari'a? Kuma ya halatta in bi shawarar baffana?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, abu biyu ka tambaya, amma akwai na uku da ka ajiye a tsakiyar wasiƙa ka wuce shi da sauri kamar ba komai ba ne: yayanka yana kiran ka daga daji, kuma kuɗinsa sun shigo hannunka. Hukuncin al'amarinka a nan yake juyawa. Zan zo kansa, amma bari in fara sauke maka nauyin da ba naka ba.

Laifin mahaifinka ba ya kanka. Wannan ba wurin saɓani ba ne, kuma ayar da ta ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani, ko ɗan makarantar allo ya san ta. Abu Rimsa ya zo wajen Annabi (SAW) tare da mahaifinsa, Annabi ya ce wa uban: shi ba ya jawo maka laifi, kai ma ba ka jawo masa. Ballantana mahaifinka ya riga ya sha hukuncinsa, ya fito, ya tuba. Shi kansa yau ba a kiran sa ɓarawo a shari'a, bare a ce maka ɗan ɓarawo. Aikin ɗan sanda kuma halal ne ga wanda zai tsare gaskiya. Anas ya ce matsayin Ƙaisu ɗan Sa'adu a gaban Annabi kamar matsayin shugaban 'yan sanda ne a gaban sarki, Bukhari ya ruwaito, wannan ya ishe mu.

Dokar ƙasa ma ba ta saɓa wa wannan ba. Sharuɗɗan da Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda take wallafawa in za a ɗauki kurata duk a kan mai nema suke: ɗan Najeriya, shekara 18 zuwa 25, kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, tsayin mita 1.67 ga namiji da 1.64 ga mace, lafiyar jiki da ta hankali, kada ya zama kotu ta taɓa samun sa da laifi, sannan ya kawo mai tsaya masa. Shi, ba ubansa ba. Sashe na 42(2) na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana a tauye ɗan ƙasa don kawai yanayin haihuwarsa. Sashe na 36 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana a kama wani a madadin wanda ake zargi. Cewa har gobe ana zuwa neman miji a rasa shi a tafi da matarsa ko tsohonsa, wannan zalunci ne da doka ta hana kuma Alƙur'ani ya riga ta hanawa, tun inda Annabi Yusuf ya ce Allah ya tsare mu da mu kama wani ban da wanda muka sami kayanmu a wurinsa. In Allah ya ba ka kaki, ka tuna da wannan, kai da ka san ɗacinsa.

Shawarar baffanka kuwa, Allah ya saka masa da alheri a kan niyyarsa, haramun ce, kada ka kusance ta. Annabi (SAW) ya ce wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba alhali yana sane, Aljanna ta haramta gare shi. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Allah ya ce a Suratul Ahzab a kira su da sunan ubanninsu, kuma ayar ta sauka ne a kan Zaidu, wanda Manzon Allah da kansa ya raina. In ba a bar Zaidu ya ci gaba da amsa ɗan Muhammadu ba, ba za a bar ka ka amsa ɗan baffanka ba. Gaskiya ne baffa uba ne wajen girmamawa da biyayya da sada zumunci. Amma ba uba ne a nasaba ba. 'Ya'yansa mata ba muharramanka ba ne, kana iya auren ɗaya daga cikinsu, sai ga takardar kotu ta mayar da su ƙannenka. Ranar da ya rasu ba ka da gado tare da 'ya'yansa maza, amma takarda tana cewa kana da shi. Aikin da kake nema kuma aiki ne da ake mutuwa a cikinsa. Idan ta Allah ta kasance a kanka, haƙƙoƙinka za su bi sunan da ke cikin fayil, mahaifinka na gaskiya, wanda Allah ya yanka wa rabo a dukiyarka, ya zama baƙo a ofis yana neman mai shaidar cewa shi ya haife ka.

Sannan ka dubi ƙarya nawa ce a cikin wannan hanya. Rantsuwa a kan ƙarya a gaban kotu, ita ce yaminul gamus, mai dulmiya mai ita. Takardar asali ta ƙaramar hukumar da ba taka ba, wadda da ita za ka cinye gurbin wani yaro ɗan can, domin ana raba guraben nan ne bisa ƙananan hukumomi 774. Sai sunan da ke kan takardar jarrabawarka da lambar NIN ɗinka, dole a bi su a gyara, kowanne da tasa ƙaryar da nasa cin hancin. Yau ba ka da laifi ko ɗaya a gaban Allah ko a gaban hukuma a kan abin da gidanku ya yi. Ranar da ka ɗaga hannu ka rantse, ka samu naka na kanka, kuma irin wanda in ya tonu ko bayan shekara goma ne zai iya jawo kora da gurfana. Sai masu cewa barewa ba ta gudu su ce ai da ma mun faɗa.

Akwai abin da ya halatta a nan, kada ka haɗa su. Idan tun farko sunan kakanka ko sunan garinku ne sunanka na ƙarshe a takardun makaranta, kamar yadda da yawa daga cikinmu suke, ba laifi ka ci gaba da shi. Annabi ya ce ranar Hunaini: ni ne ɗan Abdulmuɗɗalib, alhali kakansa ne. Amma duk inda aka rubuta sunan mahaifi, sunan mahaifinka za ka sa. Ba wajibi ba ne ka shiga ɗakin tantancewa kana shelar abin da ba a tambaye ka ba. Suturta tubabben uba alheri ne. In kuwa an tambaye ka, da baki ko a rubuce, ko wani naka ya taɓa zaman gidan yari ko hukuma tana neman sa, to gaskiya ta wajaba, domin masu ɗaukar aiki suna da haƙƙin sanin wanda za su ba makami.

Yanzu maganar malamin garinku. Ina girmama shi, kuma na san abin da ya tsorata shi, domin duk wanda ke zaune a yankunan nan ya ga abin da masu kai wa 'yan bindiga rahoto suka jawo wa garuruwa. Amma tsoro daban, hukuncin shari'a daban, kuma kalmar haramun ba a furta ta sai da dalili. Ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba, na sha jin sa daga bakin masu ilimi, shi ya sa zan bi hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda bai kawo ba.

Hadisin da yake nufi, a zatona, shi ne wanda ake cewa ku yi aure a gidan kirki domin jijiya tana naso, "al-irƙu dassas". Malaman hadisi sun yi watsi da shi, Albani ma ya ce ƙirƙirarre ne. Ko da ya inganta, magana ce a kan zaɓen matar aure, inda mutum yake da damar ya so ko ya ƙi ba tare da ya zalunci kowa ba, ba a kan hana ɗan ƙasa haƙƙin da yake tarayya da kowa a cikinsa ba. Hadisin da ya inganta wanda aka ambaci jijiya a cikinsa shi ne na mutumin da ya zo yana shakkar ɗansa don an haife shi baƙi. Annabi ya tambaye shi launin raƙumansa, ya ce ja, ya ce akwai mai toka-toka a ciki, ya ce akwai, ya ce daga ina, ya ce wataƙila wata jijiya ce ta jawo, Annabi ya ce to shi ma ɗanka wataƙila jijiya ce ta jawo. Dubi inda Manzon Allah ya yi amfani da maganar gado: a kan launin fata, kuma don ya kore zargi daga kan jariri da uwarsa. Su kuma sun ɗauke ta don su ɗora zargi.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce hadisin da ya ce mutane ma'adinai ne, zaɓaɓɓunsu a jahiliyya su ne zaɓaɓɓunsu a Musulunci idan sun fahimci addini. Wannan ingantacce ne. Ba ma musun cewa gida yana da tasiri, yaron da ya tashi yana ganin ana shigo da shanu da daddare yana iya ɗauka haka ake neman abinci. Amma tasiri ba hukunci ba ne. Hadisin ya ɗaure maganar da sharaɗin fahimtar addini, wato da abin da mutum ya yi da kansa. Kuma wanda ya faɗi hadisin shi ne ya kira Khalidu takobin Allah, alhali uban Khalidu shi ne Walidu ɗan Mugira, wanda aka saukar da ayoyin narko a kansa a Suratul Muddassir. Ikrima ɗan Abu Jahal, Abubakar ya ɗaura masa tuta ya ba shi runduna a yaƙin ridda, wato yaƙin waɗanda suka bar Musulunci bayan wafatin Annabi. Abdullahi ɗan Abdullahi ɗan Ubayyu, ɗan shugaban munafukai, ya halarci Badar, ya yi shahada a Yamama, kuma duk tsawon rayuwar ubansa yana cikin sahun Annabi da takobi a hannu, a gari ɗaya da uban da yake ƙulla makirci. Babu wanda ya ce a karɓe takobinsa. Waɗannan ba bindiga ɗaya aka ba su ba, rundunoni aka ba wasunsu. Shin malamin garinku ya fi Annabi da Abubakar tsoron a ci amanar Musulmi?

Wasu almajiran Malikiyya sukan kawo abin da ke cikin Muwaɗɗa, cewa Umar ɗan Abdul'aziz ya hana wani mutum limanci a Aƙiƙ, kusa da Madina, Malik ya ce ya hana shi ne don ba a san ubansa ba. Daga nan malamanmu suka karhanta ɗan zina ya zama limami ratibi, wato tsayayyen limamin masallaci. Sai su ce to ga shi an hana ɗa matsayi saboda iyayensa. Wannan ƙiyasi bai tsaya ba. Karhanci suka ce, ba haramci ba, kuma sallar bayansa ingantacciya ce. Dalilinsu ba wai yaron ya gaji mugun hali ba ne, dalilinsu shi ne limanci wuri ne da harsuna ke saurin kaiwa, suna tsoron mutane su ci namansa su yi zunubi, shi kuma ya cutu. Sun taƙaita abin ga limami ratibi, ba su hana shi jihadi ko kasuwa ko gadin gari ba. Wasu mazhabobi ma ba su ga wannan karhanci ba in shi ne ya fi cancanta. Nana A'isha kuwa da aka zo mata da maganar ɗan zina cewa ta yi babu komai a kansa daga zunubin iyayensa, ta karanta ayar da ta ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani. Ba a ɗauko hukunci mai saɓani, mai ƙunci, wanda aka gina don kare mutuncin yaro, a faɗaɗa shi a mayar da shi sandar dukan dubban yara.

Sai maganar aƙila, wato dangin da suke biyan diyya tare da mai kisa. Suna cewa ga shi shari'a ta ɗora wa dangi laifin ɗan'uwansu. A'a. Aƙila tana ɗauka ne a kisan kuskure, inda babu zunubin ganganci, don taimakon ɗan'uwa da tabbatar da haƙƙin iyalan mamaci. Mai Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ya faɗa ƙarara cewa aƙila ba ta ɗaukar kisan ganganci. Inda laifi ya zama laifi na gaske, shari'a ta bar shi a wuyan mai shi shi kaɗai.

Abin da ya rage musu shi ne toshe kafar ɓarna, saddu zari'a, wanda asali ne a mazhabarmu. Amma ana toshe kafar da galibi take kai wa ga ɓarna, da sharaɗin kada toshewar ta haifar da ɓarnar da ta fi. Wane ne ya tabbatar mana cewa galibin 'ya'yan waɗanda aka ɗaure suna cin amana? Kuma 'yan sandan da ake kora saboda karɓar na goro ko sayar da harsashi, an bincika an ga duk 'ya'yan ɓarayi ne? Da yawansu daga gidajen mutunci suka fito. Sannan ka dubi ɓarnar da ke ɗaya gefen. Matashi ya yi karatu, ya guje wa hanyar yayansa, ya zo ƙofar hukuma a ce masa jininka bai yi ba. Ya je neman aure a ce haka, ya je kasuwa neman amana a ce haka. Ƙofa ɗaya ce ta rage da ba a tambayar sunan uba a bakinta, ita ce ta daji. Mai wannan fatawa, ba tare da ya nufa ba, yana tara wa 'yan bindiga mabiya.

Abin da fiƙihu ya yarda da shi shi ne tuhuma, kuma tuhuma tana da iyaka. Ba a karɓar shaidar ɗa don amfanin ubansa, alƙali ba ya yanke hukunci ga wanda ba zai iya yi wa shaida ba. Ba don ɗan ba adili ba ne, a kowace shari'a ana karɓar shaidarsa ban da wannan. To haka kai ma: ka cancanci aikin, amma ba ka cancanci a ba ka binciken da ya shafi yayanka ba, ko a tura ka yankin da yake.

Wannan ya kawo mu kan abin da na ce ka wuce da sauri.

Mahaifinka labari ne da ya wuce. Yayanka labari ne da ke gudana, yana riƙe da makami a yau, yana da lambarka, kuma ya riga ya yi maka alherin da zuciyarka take jin nauyinsa. Ba jininsa nake ji maka tsoro ba, wayarsa nake ji maka tsoro. Haɗibu ɗan Abi Balta'a sahabi ne da ya halarci Badar, ba ɗan ɓarawo ba, ba munafuki ba. Amma da Annabi ya yi shirin buɗe Makka a shekara ta 8 bayan hijira, ya ɓoye shirin, Haɗibu ya rubuta wa Ƙuraishawa takarda ya ba wata mata ta ɓoye a kitsonta, sai da aka tura su Ali suka tare ta a Raudatu Khakh, wani wuri a hanyar Makka. Da aka tambaye shi ya ce iyalinsa suna Makka ba su da dangin da zai kare su, ya so ya yi wa Ƙuraishawa wani abu don su ƙyale su. Idan son dangi ya iya zamar da ƙafar mutumin Badar, kai da ni ba mu da tabbas a kan kawunanmu.

Ka zauna kai kaɗai ka sawwara wannan. Kana bakin aiki, an tara ku da yamma an ce da asuba za a shiga wani daji, ka ji sunan wurin, ka san nan yake. Da daddare wayarka ta yi ƙara, muryarsa ce, yana tambayar lafiyar Baba. Ba zai ce ka ba shi sirri ba. Kai ne za ka ji bakinka yana so ya ce, Yaya, gobe kada ka kwana inda ka saba. Kalma bakwai ko takwas, kuma da su za a yi wa abokan aikinka kwanton ɓauna. Idan ka san a ranka ba za ka iya haɗiye wannan jimla ba, aikin nan haramun ne a gare ka, ba don gidanku ba, don rauninka, kamar yadda Annabi ya ce wa Abu Zarri kai mai rauni ne, ita kuwa amana ce. Ka nemi wata sana'a, babu abin kunya a ciki. Idan kuwa ka ƙudurce cewa za ka tsaya a kan ayar Suratun Nisa'i, ku tsayu da adalci ko da a kan kawunanku ne ko iyaye da makusanta, to ka nema, halal ne, kuma ina fata ka samu lada.

Amma ƙuduri ba a baki yake ba. Tun yanzu, kafin ka cike fom, ka daina karɓar ko sisi daga hannunsa. Kada ka saya masa kati, ko magani, ko mai, kada ka karɓar masa saƙo, kada ka ba shi labarin wanda ya sayar da hatsi ko wanda ya dawo daga Hajji, ko da a cikin hira ne. Annabi ya la'anci wanda ya ba mai ɓarna mafaka, kuma waɗannan duk rassan mafaka ne. Zumuncin da ya rage tsakaninku shi ne na hadisin taimaki ɗan'uwanka ko shi ne azzalumi, wato ka hana shi zalunci. In ya kira, ka kira shi zuwa ga tuba da ajiye makami, ka gaya masa akwai hanyar miƙa wuya ta hannun hukuma da manyan gari. In ya ƙi, ka gaya masa kada ya sake kira har sai ya shirya. Kuma ka sani yawan kira tsakanin lambarka da tasa abu ne da masu bincike suke iya gani, ba zai yi maka kyau ba ranar da aka duba. Wannan ma dalili ne na ka riga su faɗa: in aka tambaye ka a tantancewa ka ce ina da ɗan'uwa a daji, ba na tare da shi, ga waɗanda za su shaide ni. In an ɗauke ka, ka sanar da na gaba da kai, ka roƙi a kai ka nesa.

Kuɗin jarrabawa kuma, idan lokacin da ka karɓa ka san ba shi da wata sana'a sai wannan, ka yi zunubi, ka tuba, kuma adadin yana wuyanka. In an san masu su a mayar musu. Tunda da wuya a sani, ka fitar da daidai adadin ka yi sadaka da niyyar ladan ya je wa masu su, kuma waɗanda suka fi cancanta su ne marayu da zawarawan da wannan fitina ta bari. Ba sai ka jira albashi ba, ko da kaɗan-kaɗan ne ka fara. Takardar jarrabawarka tana nan da ingancinta, da kanka ka zana, ba a ce ka yaga ta ba, kuma albashin da za ka samu da ita halal ne.

Hakiminku ina yi masa uzuri ta wani ɓangare. An dakatar da masu sarauta, an tuɓe wasu a Zamfara da Katsina bisa zargin alaƙa da 'yan bindiga, kowa yana tsoron sa hannunsa. Amma sa hannun nan shaida ce, kuma shaida ba a ɓoye ta. In abin da ake nema ya tabbatar shi ne kai ɗan garin ne, ya sani, wajibi ne ya tabbatar. In shaidar hali ce, ya bincika, ya faɗi abin da ya gano a kanka. Hana ka don gidanku kawai zalunci ne. Kada ka je masa da faɗa ko da sashe kaza na doka. Ka ɗauki limamin unguwarku da shugaban makarantar da ka gama da wani dattijo da fada take jin maganarsa, su yi maka jagora, su faɗi abin da suka sani. Ka gaya masa maganar yayanka da bakinka kafin ya tambaya. Sau da yawa abin da babba yake tsoro shi ne abin da ake ɓoye masa.

Ganin shekarunka sun matse, na san shawara ta gaba da za a kawo maka ita ce rage shekaru, ta bayanta kuma sayen gurbi. Ta farko ƙarya ce irin ta baffanka. Ta biyu cin hanci ne da aka la'anci mai bayarwa da mai karɓa, kuma da yawan masu cewa suna da hanya 'yan damfara ne, hukumar kanta tana nanata cewa neman aikin kyauta ne. Kada a sayar da gonar tsohonka a kan wannan. Ka kuma yi shawara da iyayenka a kan tsaronsu, domin mutanen da yayanka yake tare da su ba lalle su ji daɗin cewa ƙanensa ya sa kaki ba, kuma su iyayen ne suke kwana a garin. In mahaifiyarka ta ce ba ta yarda ba saboda tsoro, ka lallashe ta, kada ka tsallake ta.

Mahaifinka kuma, in bai ji shawarar da baffanka ya kawo ba, kada ka bari ya ji. Mutumin da ya fito daga kurkuku ya kama garma da sahun farko yana ɗauke da kunyar da ta ishe shi, ba sai an ƙara masa da cewa ɗansa ya yi tunanin goge sunansa ba. Ka je ka gaya masa kana neman aikin, ka roƙi ya sa maka albarka, ka yi istihara, sannan ka cike fom ɗinka da sunansa.

Wallahu a'alam.